Almakashi, Kwamiti da Kasuwa: Inda Koyarwar Ɗarika Ta Shige a Littattafan Ibada na Kirista

A shekarar 1582 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Robert Persons, wanda ya tsallake teku don tsira da ransa, ya buga littafin kira zuwa ga tuba a birnin Rouen na Faransa, aka riƙa shigar da shi Ingila a ɓoye. Littafi ne mai tayar da tsigar jiki. Yana zaunar da mutum ya tuna mutuwa da ranar shari'a, yana tambayarsa har yaushe zai yi ta ɗage tuba zuwa gobe. Wani limamin Furotesta na yankin York, Edmund Bunny, ya samu kwafi ya karanta, abin ya kama shi, sai dai bai ga yadda za a yi ya miƙa wa mutanensa littafin abokin gaba haka nan ba. Sai ya zauna ya tsefe shi shafi-shafi, ya cire duk abin da ya ji yana warin Roma, ya sauya kalmomi, ya buga nasa a 1584. Bugun Bunny ya fi na asali kasuwa nesa ba kusa ba. Persons ya fusata matuƙa, ya fitar da sabon bugu a 1585 tare da martani mai zafi.

Bayan shekaru da dama, a wani ƙauye na Ingila, wani talaka ɗan ƙwadago ya ara wa maƙwabcinsa tsohon kwafin bugun Bunny, duk ya yayyage. Ɗan mai gidan, yaro ɗan wajen shekara 15, ya ɗauka ya karanta, kuma daga baya ya shaida cewa ta wannan littafi ne Allah ya farkar da zuciyarsa. Yaron shi ne Richard Baxter, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman Furotesta na ƙarni na 17. Kalmomin limamin Katolika ne suka farkar da shi, amma sai da aka bi su da almakashi kafin su iso hannunsa.

Tun daga wancan lokaci har yau matsalar ba ta sauya ba. Littafin gina ruhaniya, wanda ake rubutawa don ya ƙarfafa mai rauni ya ta'azantar da mai makoki, yana son ya shiga kowane gida. Amma marubucinsa ɗan wata ikilisiya ne, an yi masa baftisma ta wata hanya, an koya masa ma'anar Jibin Ubangiji ta wata fuska, yana da abin da ya gaskata game da ceto da ƙarshen duniya. Me zai yi da waɗannan idan yana son ɗan Katolika da ɗan Baptis da ɗan Luteran duk su saya? Amsar ta yi ta sauyawa cikin ƙarni huɗu, kuma abin da na gani shi ne koyarwar ɗarika ba ta taɓa fita daga cikin littattafan nan ba. Abin da ya fita shi ne sunanta, da kuma wanda za a tuhuma a kanta.

Zamanin almakashi ya fi kowane zamani fitowa fili. Littafin da aka fi yi wa wannan aiki shi ne na Thomas à Kempis, wani ɗan zuhudu da ya rayu kusa da garin Zwolle na Holan ya rasu a 1471. Littafinsa na koyi da Almasihu, wanda ya rubuta da Latin a farkon ƙarni na 15, kashi huɗu ne, kuma kashi ɗaya gaba ɗayansa a kan Jibin Ubangiji yake, bisa fahimtar Katolika. 'Yan Furotesta suna ƙaunar sauran ukun, masu magana a kan tawali'u da haƙuri da raina abin duniya. Don haka fassarar Turanci da Thomas Rogers ya yi a 1580 ta bar wancan kashin a waje, ta kuma share zancen rayuwar 'yan zuhudu da makamantansa. John Wesley, wanda ɗarikar Metodis ta samo asali daga gare shi, shi ma ya fitar da nasa bugun a 1735. Mutum zai iya kiran abin da su Rogers suka yi sata ko ɓarna, amma ba su yi a ɓoye ba. A gabatarwa suke faɗa cewa sun gyara, har suna alfahari da hakan.

Almakashin kuwa ba hannu ɗaya ke riƙe da shi ba. John Bunyan, mai liƙin tukwane da butoci, ya shafe shekara 12 a kurkukun Bedford saboda ya ƙi daina wa'azi ba da izinin ikilisiyar gwamnati ba. A 1678 ya fitar da labarinsa na matafiyin da ya bar Birnin Hallaka da kaya a bayansa ya nufi Birnin Sama, wato Pilgrim's Progress, wanda aka fassara zuwa harsuna sama da 200, kusan 80 daga cikinsu na Afirka. Bunyan bai ɓoye inda ya tsaya ba. A ƙarshen kwarin inuwar mutuwa matafiyin yana wucewa ta bakin wani kogo inda ƙattai biyu suka taɓa zama, ga ƙasusuwan waɗanda suka kashe a warwatse. Ɗayan, wato Arne, ya mutu tuntuni. Ɗayan kuma Paparoma ne, ya tsufa, gaɓoɓinsa sun sage, ba abin da yake iyawa sai zama a bakin kogon yana yaƙe wa masu wucewa haƙora yana cizon farce don takaicin ya kasa kama su. Babu ɗan Katolikan da zai karanta wannan ya ce da shi ake maraba. Amma a 1853 wani limamin Angilikan, John Mason Neale, ya ga nasa laifin a wani wuri dabam: ta yaya mutum zai yi tafiya daga duniya har sama ba baftisma a bakin hanya? Sai ya fitar da bugu don yaran ikilisiyarsa wanda ya cusa baftisma da Jibin Ubangiji a cikin tafiyar. Wani na ragewa, wani na ƙarawa, kowa na jan littafin zuwa gidansu.

Sauyi na gaske ya zo ne da ƙungiyoyin buga ƙasidun wa'azi. A 1799 aka kafa Religious Tract Society a Landan, da 'yan Angilikan da waɗanda ba sa bin ikilisiyar gwamnati a kwamiti ɗaya, bisa sharaɗin cewa kowace ƙasida za ta nuna hanyar ceto a sarari, kuma ba za ta ɗauki tambarin wata ɗarika ba. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1804, ta bi irin wannan hanya da dokarta ta buga Nassi tsantsa ba sharhi. Sannan a 1825 aka kafa American Tract Society a New York, kuma tsarin mulkinta ya zo da wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Kwamitin da ke tace littattafai ba zai ƙunshi mutum biyu daga ɗarika ɗaya ba, kuma idan mutum ɗaya tak ya ƙi amincewa da wani rubutu, ba za a buga ba.

A duba yadda wannan ke aiki a kan tebur. An kawo littafin wani tsohon malami, a ciki akwai shafi a kan yi wa jarirai baftisma. Ɗan Baptis ya ce bai yarda ba, a cire. An zo wurin da ake sukar mulkin bishop-bishop, ɗan Angilikan ya ɗaga hannu. An zo batun ko Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun fil azal, nan ma a taka a hankali. Abin da ya tsira daga kowane hannu shi ake kai wa maɗaba'a, sannan daga 1841 'yan tallan littattafai na ƙungiyar su ɗauka a jaka su bi gida-gida har ƙauyukan da ba su da fasto. A 1844 rigima ta tashi da aka gano ƙungiyar ta taɓa shahararren tarihin gyaran ikilisiya na Merle d'Aubigné, ta cire wuraren da za su sosa wa wasu ɗariku rai. Abin da ya fi wannan muni ya fito daga baya: an gano ana share maganganun da ke la'antar bautar da bayi daga littattafan da ake sake bugawa, don kada Kiristocin kudancin Amurka masu bayi su daina saye da ba da gudummawa. Wannan ya raba ƙungiyar, reshen Boston ya ɓalle a ƙarshen shekarun 1850. Dokar da aka kafa don zumunci ita ce ta zama mafakar shiru a kan zalunci. Kuma zumuncin ma iyakarsa 'yan Furotesta, domin ƙasidun sukar Katolika ba wanda ya ɗaga musu hannu a kwamitin.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ya rage bayan tacewar? Abubuwan da suka raba ɗariku galibi abubuwa ne da ake yi a taro: baftisma, Jibin Ubangiji, wa ke da ikon shugabanci, yadda ake horon mai laifi, yadda ake sujada ranar Lahadi. In aka kwashe waɗannan, abin da ya rage shi ne mutum ɗaya, da Littafi Mai Tsarki a hannunsa, da zuciyarsa, da Yesu. Ya gane shi mai zunubi ne, ya tuba, ya ba da gaskiya, ya samu salama, ya ci gaba da addu'a a ɗakinsa. An ɗauka wannan shi ne gindin da kowa ya yarda da shi. Amma ga ɗan Katolika ko ɗan Otodoks ko ɗan Luteran na gaske, bangaskiyar da ba ta rataya ga baftisma da teburin Ubangiji ba, ta rasa ƙashin bayanta. A wurinsu nan ne Allah ke ba da alherinsa. Saboda haka littafin da ya yi shiru a kan waɗannan bai tsaya a tsakiya ba, ya riga ya koyar cewa ana iya rayuwar Kirista cikakkiya ba tare da su ba. Wannan ma koyarwa ce, kuma ta wani ɓangare ce, ɓangaren masu wa'azin farkawa. Nasararta ita ce ta sa miliyoyin mutane suka daina ganinta a matsayin ra'ayin wani ɓangare.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 marubuta suka fara tace kansu da kansu, ba sai kwamiti ya zauna ba. Hannah Whitall Smith, wadda ta tashi a cikin 'yan ɗarikar Kwaka na Amurka, ta fitar da littafinta a kan sirrin rayuwar farin ciki ta Kirista a 1875, shekarar da aka fara taron koyarwar tsarkakewa na Keswick a Ingila. Littafin yana koyar da miƙa kai gaba ɗaya, da hutawa ga Allah, da samun nasara a kan zunubi tun a nan duniya. Masu karatu sun ɗauke shi ta'aziyya ce kawai, alhali wata koyarwa ce ta musamman a kan tsarkakewa, wadda malamai irin su J. C. Ryle da B. B. Warfield suka yi wa raddi. Akwai kuma abin da ba ta sa a littafin ba sam: ta gaskata cewa a ƙarshe Allah zai ceci dukan 'yan Adam. Ta bayyana haka a tarihin rayuwarta na 1903, amma masu sake buga shi daga baya suka cire babi uku da suka ƙunshi zancen, don kada su rasa masu saye.

Ellen White kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ɗarikar Adbentis masu kiyaye Asabar, ta bi wata hanya. Ƙaramin littafinta Steps to Christ ya fito a 1892 daga maɗaba'ar Fleming Revell, surukin mai wa'azi D. L. Moody, wadda ba ta ɗarikarta ba ce. A ciki ba a tsaya jayayya a kan ranar Asabar ba, ko halin da matattu ke ciki, abubuwan da aka san Adbentis da su. Tuba ne, da bangaskiya, da addu'a, da biyayya. An fassara shi zuwa harsuna sama da 100, an raba shi har da wani suna dabam a bango. Ɗarikar ba ta ɓoye cewa ƙofa ce ba, wanda ya shiga ta nan zai tarar da sauran littattafan a gaba. Oswald Chambers ma haka abin ya kasance da shi, ko da yake ba shi ya tsara ba. Ya rasu a Alƙahira a 1917 yana hidima ga sojoji, matarsa kuma, wadda ta iya rubutun gaggawa na sakatarori, ta tattara jawabansa ta yanka su gutsure 366, ɗaya ga kowace rana, aka buga a 1927 da sunan My Utmost for His Highest. Chambers mutumin ƙungiyoyin tsarkakewa ne, kuma koyarwarsu tana nan cikin littafin. Amma da yake shafi ɗaya ake karantawa kowace safiya, kaɗan ne ke lura da zaren da ya ɗinke su. Tsarin karatun kullum ya dace da wannan aiki ƙwarai: aya ɗaya, ɗan labari, gajeriyar addu'a, ba filin gardama. The Upper Room na 'yan Metodis ya fara a 1935, Our Daily Bread ya biyo a 1956, dukansu suka tsallake katangar ɗariku.

A cikin wannan dogon layi mutum ɗaya ya yi abin da nake ganin shi ne daidai. C. S. Lewis malamin adabi ne a Oxford, ba limami ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi jawabai a rediyon BBC waɗanda aka haɗa a 1952 aka kira Mere Christianity, kuma daga wurin Baxter ɗin nan ya aro sunan. Tun a gabatarwa ya faɗi cewa shi ɗan Angilikan ne. Ya faɗi abubuwan da ya yi shiru a kansu da gangan, har da matsayin Budurwa Maryamu, ya kuma faɗi dalili. Ya aika wani kashi na rubutun ga limamai huɗu, na Angilikan da Metodis da Firesbiteriyan da Katolika, sannan ya gaya wa mai karatu inda biyu daga cikinsu suka yi ƙorafi: ɗan Metodis ya ce bai yi maganar bangaskiya yadda ya kamata ba, ɗan Katolika ya ce ya wuce gona da iri wajen rage muhimmancin bayanan yadda mutuwar Almasihu ke kawo fansa. Bai jefar da baftisma da Jibin Ubangiji ba, ya lissafa su tare da bangaskiya cikin hanyoyin da rayuwar Almasihu ke shiga mutum. Sannan ya kwatanta littafinsa da zauren gida, wanda ƙofofin ɗakuna ke buɗewa daga cikinsa. Zaure wurin jira ne da sallama, amma wuta da abinci da wurin zama suna cikin ɗakuna, don haka ya roƙi mai karatu kada ya tare a zaure, ya nemi ɗakin da ya gaskata shi ne na gaskiya ya shiga. Waɗanda suka biyo bayansa sun karɓi zauren hannu bibbiyu, suka manta da gargaɗin.

A wannan shekara ta 1952 ne kuma Norman Vincent Peale, faston wata tsohuwar majami'a a New York, ya fitar da The Power of Positive Thinking, wanda ya yi makonni 186 a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Peale bai tsaya ga cire abin da ya raba Baptis da Metodis ba. Zunubi da gicciye da hukunci duk sun koma gefe, aka sa ayoyi su zama kalmomin da mutum zai riƙa maimaitawa don ya samu ƙarfin zuciya da nasara a aiki da kasuwanci. Tushen wannan yana cikin wata aƙida ta Amurka da ake kira Sabon Tunani, mai cewa abin da ka ƙudura a rai shi ke zama gaskiya a rayuwarka. Malaman tauhidi irin su Reinhold Niebuhr sun soke shi, amma jama'a sun saya. Daga nan aka gane cewa littafi zai iya ɗauko koyarwar da ba ta cikin ikirarin bangaskiyar kowace ikilisiya, ya shiga da ita kowace ikilisiya, muddin yana ɗauke da ayoyi kuma bai ambaci sunan kowa ba.

Akwai alherin da wannan buɗe ƙofa ya kawo, kuma ba daidai ba ne a rufe ido a kansa. Bayan babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, 'yan Katolika da 'yan Furotesta suka fara karanta juna ba tare da almakashi ba. Henri Nouwen, limamin Katolika ɗan Holan da ya bar koyarwa a Harvard ya koma zama da masu naƙasa a Kanada, ya zama abokin fastocin Baptis da yawa ta hanyar littattafansa. Wanda ya san irin jinin da aka zubar tsakanin ɓangarorin nan a Turai ba zai raina wannan ba.

Amma a daidai lokacin ne kuma ikon tacewa ya bar hannun malamai ya koma hannun 'yan kasuwa. Kamfanin Harper ya sayi maɗaba'ar Zondervan a 1988, bayan ya koma HarperCollins kuma ya haɗa da Thomas Nelson a 2012, wato manyan maɗaba'un Kirista biyu na Amurka suka koma ƙarƙashin kamfanin da ba na addini ba. Kwamitin 1825, duk da laifinsa, mutane ne da aka san sunayensu da ɗarikunsu, ana iya kai ƙararsu, kuma an kai. Littafin Katolika har yau yana iya ɗaukar hatimin bishop da ke shaida an duba shi. Mai tacewa na yanzu tambayarsa ita ce wane shafi ne zai rage ciniki. Kuma abin da ke rage ciniki shi ne sunan ɗarika, koyarwar kanta tana iya wucewa lafiya lau. Jerin labaran Left Behind na Tim LaHaye da Jerry Jenkins, da suka fara a 1995 suka sayar da kwafi sama da miliyan 60, an gina su ne a kan cewa za a fyauce masu bi a asirce kafin shekara bakwai na tsanani. Wannan tsari John Nelson Darby ne ya yaɗa shi daga shekarun 1830, Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya kai shi gidaje. Ba ya cikin koyarwar Katolika ko Otodoks ko Luteran, amma miliyoyin 'ya'yansu sun karanta suka ɗauka abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa ke nan kai tsaye, har bishop-bishop na Katolika a jihar Illinois suka fito a 2003 suka gargaɗi mutanensu. Rick Warren, wanda littafinsa The Purpose Driven Life na 2002 ya sayar da sama da miliyan 30, faston Baptis ne a lokacin, kuma ya kyauta da ya nace a kan zama ɗan ikilisiya. Sai dai inda ya zo kan baftisma ya bayyana ta a matsayin alama da mai bi ke yi bayan ya ba da gaskiya, wato fahimtar Baptis tsantsa, ba tare da ya ce wa mai karatu akwai Kiristoci masu ɗimbin yawa da ke ganin abin dabam ba.

Mu a arewacin Najeriya wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin bishara ta iso wurare da yawa ta hannun ƙungiyoyin mishan da su kansu gamayyar ɗariku ne. SIM ta fara a 1893, SUM a 1904, kuma daga cikinsu ECWA da COCIN da wasu suka fito. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 kowa da shi ya yi amfani. Amma bambancin yana nan a ƙasa. Ɗan Luteran na Numan ana yi masa baftisma yana jariri, ɗan ECWA sai ya girma ya ba da shaida da bakinsa, ɗan EYN kuma ana nitsar da shi sau uku ta fuska, bisa al'adar 'yan mishan da suka sauka Garkida a 1923. A tsaya a gaban teburin mai sayar da littattafai a bakin majami'a ranar Lahadi bayan an tashi. Ga littattafan Kenneth Hagin na Tulsa, ƙanana masu arha, ga na Joel Osteen da murmushinsa a bango, ga wani a kan fyaucewa, duk an jera su a kan leda ɗaya an danne da dutse don iska. Mace ta fito daga taron zumuntar mata ta ɗauki ɗaya don ɗanta da ke jami'a. Abin da take dubawa shi ne ko akwai sunan Yesu da ayoyi a ciki. Ba wanda zai gaya mata cewa littafin yana koyar da cewa rashin lafiya da talauci alamar ƙarancin bangaskiya ne, abin da fastonta ya yi wa'azi a kansa ya ƙaryata a safiyar nan. Ranar da ciwo ya ƙi warkewa a gidan, yaron ba littafin zai tuhuma ba, kansa zai tuhuma.

Wataƙila shi ya sa a nan abin ya juya baya. Kusan kowace babbar ikilisiya a Najeriya yanzu tana da nata littafin karatun kullum da sunanta a bango: Abincin Yini na ECWA, Daily Fountain na Angilikan, Open Heavens na Fasto Adeboye, Daily Manna na Deeper Life, Rhapsody of Realities na Chris Oyakhilome. Ba dukan abin da ke cikinsu na yarda da shi ba, wasu ma ina da babbar ja da su. Amma mai ɗauka ya san muryar wa yake ji, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in yana da tambaya. Abin da nake nema ga marubucin da ke son kowa ya karanta shi bai wuce wannan ba: shafi ɗaya a farko da zai ce ga inda na tsaya, ga inda 'yan'uwa suka saɓa da ni, ga abin da na bari don fastonka ya koya maka. Lewis ya yi haka kuma bai rasa masu karatu ba.

Inda rashin wannan shafin ya kai mu ya fito sarai a littafin Sarah Young, Jesus Calling, na 2004. Young 'yar mishan ce ta wata ɗarikar Firesbiteriyan ta Amurka mai tsananin riƙo da cewa wahayi ya cika da Littafi Mai Tsarki, ba a jiran wani sabo. Amma karatun kowace rana a littafin an rubuta shi ne da bakin Yesu, kamar shi ke magana da mai karatu kai tsaye. A gabatarwar bugun farko ta bayyana cewa wani tsohon littafi na shekarun 1930, God Calling, wanda wasu mata biyu suka ce saƙonni ne da suka saurara suka rubuta, shi ya zaburar da ita. Da suka ta yi yawa, sai ambaton wancan littafin ya ɓace daga bugun baya. Ita dai ta ce ba ta ɗauki rubutunta daidai da Nassi ba. Littafin da rassansa sun sayar da kwafi sama da miliyan 40, ga 'yan kowace ɗarika. Young ta rasu a 2023. Sai a 2024, shekara 20 bayan fitowarsa, babban taron ɗarikarta ya kaɗa ƙuri'a cewa a binciki littafin.